Jininki Ba Shi da Laifi, Uwata

Nassarawa GRA,
Kano.

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kika ci, kuma ke da ita duk ba na iya kallon idonku in kun yi fushi. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin sami ruwan wanka, kin sami wurin shimfiɗa sallaya. Ummanku ce za ta cusa miki ita a jaka, a ƙarƙashin robar dambun nama, don mun san can hannunki zai fara zuwa.

Na san kina fushi da ni. Tun ranar da aka ce Kwara aka tura ki hidimar ƙasa, kika same ni a gindin mangwaron nan na bayan gida, kika durƙusa kika ce, "Abba, ba za ka yi magana a bar ni a Kano ba? An ce a sansanin nan cusa mutane ake yi a ɗaki ɗaya kamar buhuna. Ka dai san jikina." Na ce miki a'a, ban ƙara komai ba. Daga ranar gaisuwarki ta gajarce, shayina kuma ya fara zuwa da sanyi. Ban damu da shayin ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan "ka dai san jikina", domin na san jikin naki, lafiyarsa ƙalau, kuma na san wanda ya sa miki wannan magana a baki. Ni ne. Da baki ba zan iya yi miki bayani ba, za ki sunkuyar da kai ki ce "to Abba", ni kuma in rikice. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kina ajin ƙarshe a sakandare lokacin da korona ta zo aka kulle Kano. Ke daga saman bene kika kalli abin, bari in ba ki labarinsa daga ƙasa. Kin san ni mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a ofis yana raba takardu kashi-kashi, wannan nan, wancan can. Na yi ritaya, ga kulle, babu masallaci, babu majalisa, hannuna sai ƙaiƙayi yake yi yana neman abin da zai tsara. Sai ga wani saƙo ya shigo wayata daga zauren tsofaffin abokan aikinmu, wai masu bincike sun lura cewa masu rukunin jini O ba su cika kamuwa da cutar ba, masu A kuwa sun fi saurin kamuwa. Saƙon yana da tsawo, amma ban wuce layin farko ba. Me zan yi da sauran? Ni O ne. Na ji kamar an yi min ƙarin girma.

Nan take na sa aka nemo min katin asibitin kowa, na tara ku a falo. Ni O, yayanki Mubarak B, Ummanku AB, ke kuma A. Na gyara zama na karanta muku hukunci: mai O shi ne zai riƙa fita cefane da duk wata hidimar waje, mai A za ta hau sama ta zauna, abincinta a kai mata bakin matakala. Ummanku ta tsaya riƙe da ludayi ta ce, "Alhaji, wai yanzu gidan nan ma sai an yi masa sashe-sashe kamar ma'aikata? To ni mai AB wane ofis aka ba ni?"

Na ce, "Ke kina tsakiya."

Ta ce, "Dama can a tsakiyar nake, tsakanin rigimarka da ta 'ya'yanka." Ta juya ta koma kicin, ku kuma kuna ta dariya. Har ke kin yi dariya a ranar, don kin ɗauka wasa ne.

A lokacin ne muka yi ta rasa dattawa a garin nan, Allah ya jiƙansu. Kusan kullum sai an bugo waya, yau Tudun Wada, gobe Badawa, jibi cikin gari. Hukuma ta ce a rage taro, a yi gaisuwa ta waya. Ni kuwa na ce gaisuwar mutuwa ta waya ba gaisuwa ba ce, kuma tunda Allah ya ba danginmu mutum mai irin jinina, ai an huta. Na naɗa kaina wakilin dangi. Duk ranar da aka sassauta kulle sai in bugo wa 'yan'uwana in ce, "Ku yi zamanku, ni zan je a madadin kowa." In shiga zaure in zauna a tsakiyar tabarma, in bi kowa da hannu, takunkumina yana ƙarƙashin haɓa kamar gemu na biyu. In wani ya noƙe hannunsa sai in ce, "Miƙo, Malam, ni O ne." Kafin a jima abokaina suka sa min suna Alhaji O, ni kuma ina amsawa baki har kunne.

Wata ranar Juma'a Ummanku ta saka turaren wuta, hayaƙi ya cika falo, na ce, "Hajiya, wa ya sayar miki da wannan itacen? An cuce ki, ko ƙamshin ashana ba ya yi." Ta tsaya ta dube ni. Ta shiga kicin ta ɗauko daddawa ta kara min a hanci. Uwata, daddawar da in an buɗe ta a kicin maigadi yake sani a bakin ƙofa, ban ji komai ba. Na ga fuskarta ta sauya, nan na sha jinin jikina. Abin da ya biyo baya kin ji shi ta bango: zazzaɓi, tari, da numfashin da sai na yi kokawa da shi. Na ji tsoro ƙwarai. A ɗakin baƙi da aka killace ni na riƙa tunanin ko zan ga aurenku, na kuma riƙa tunanin hannuwan tsofaffin da na bi na gaisa da su bayan ciwon ya shige ni ban sani ba. Wannan tunanin na biyu har yau yakan zo min, ina neman gafarar Allah a kansa.

Gwaggonki Binta, ƙanwata likita, ita ta yi ta zirga-zirga a kaina. Ta yi haƙuri sai da na fara cin tuwo, sannan ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa ta yi min wankin babban bargo. Ta ce, "Yaya, ka san me aka ce kuwa? An duba jama'a masu yawa ne, aka ga kamar masu O sun ɗan fi ƙarancin kamuwa. Ɗan kaɗan fa. Wasu masu binciken ma sun duba nasu mutanen ba su ga wani bambancin kirki ba. Ana zaton jinin O yana da wasu sojojin garkuwa tun asali waɗanda kan iya ɗan tare cutar, amma ba kowane mai O ne yake da su da yawa ba, kuma maganar ba a gama tabbatar da ita ba. Kai kuma ga shekaru, ga hawan jini, ga sukari. Waɗannan sun fi harafin nan naka nauyi nesa ba kusa ba. Wa ya ce maka an rubuta sunanka a ciki?"

Na ce, "To ai ni na ga an ce O."

Ta ce, "Ka karanta har ƙarshe?"

Ban karanta ba. To ki riƙe wannan, Uwata: duk labarin da ya yi miki daɗi tun a layin farko, shi ya fi cancanta ki karanta har ƙasa. Kuma abin da aka faɗa a kan taron jama'a ba alkawari ba ne aka yi wa mutum ɗaya. Za ki ji ana cewa mutanen gari kaza haka suke, 'yan ƙabila kaza haka suke, mata haka suke. Ko da akwai ƙanshin gaskiya a ciki, wanda yake tsaye a gabanki shi kaɗai ne, ki dube shi da idonki.

Za ki zaci na yi hankali daga nan. Ina! Bayan na miƙe, Gwaggonki ta kwashe mu duka zuwa wani ɗakin gwaji, ta ce a duba jininmu a ga wanda jikinsa ya riga ya haɗu da cutar ya tanadi sojojin yaƙarta. Nawa ya nuna suna nan. Shi ke nan, sabon abin cika baki ya samu. Na koma majalisa ina cewa ni yanzu bariki guda ne ke yawo a jikina. Da allurar rigakafi ta iso, kowa a gidan ya je aka yi masa, ni na yi ta zille-zille. Na ce me zan yi da sojan haya, ga nawa na gida? Gwaggonki ta ce, "Yaya, su ma sojojin nan ritaya suke yi kamar kai. Watanni suna tafiya suna raguwa, ita kuma cutar tana sauya kama." Na yi kunnen ƙashi.

Kin san inda aka ƙare. Ana jibi ɗaurin auren Mubarak maƙogwarona ya fara ƙaiƙayi, gwaji ya ce ita ce ta dawo gaishe ni. Wannan karon da sauƙi, alhamdulillahi, amma an sake mayar da ni ɗakin baƙi. Babbar rigar da na sa aka yi wa aiki na musamman tana rataye a ƙusa tana kallona, ni kuma ina zaune da jallabiya na manna waya a kunne, ƙanena yana riƙe da tasa a can masallaci don in ji ana shafa fatiha. Auren ɗana na fari ke nan, ta waya na halarce shi, ni da na ce gaisuwa ta waya ba gaisuwa ba ce. Da na warke Ummanku da kanta ta raka ni wurin allura, ta ce da ma'aikaciyar, "'Yata, ki danna masa sosai, ya daɗe yana jawo mana magana." Har yau in ta tuna sai ta yi dariya har da hawaye.

Abin da na koya shi ne ƙarfin jiya ba ya tsaron yau sai an sabunta shi. Haka karatunki yake, haka zumunci, haka ibada. Kada ki ce kin sauke Alƙur'ani kina yarinya don haka kin gama, kada ki ce ƙawarki ta san kina ƙaunarta don haka ba sai kin neme ta ba. Ki riƙa leƙa abin da kike taƙama da shi ki ga ko yana nan.

Waɗannan biyun kowa ya san su, an mayar da su abin hira a gidan suna. Na ukun ba a yi masa dariya, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Ki koma da ni ranar gwajin jinin can. Muna zaune a falo Gwaggonki tana duba sakamako ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan naki sai ta tuntsire da dariya ta ce, "Kai jama'a, ga jarumar gidan nan! Hadiza, ashe ke ma ta zo miki, jikinki ya kore ta ko tari ba ki yi ba." Na ga fuskarki a lokacin. Kin yi wani murmushi mai faɗi, kin ɗago kai kin dube ni, kina jiran in ce wani abu.

Ni kuma na ce, "Kun gani ko? Duk tsaron da muka yi sai da ta same ta. Allah ne kawai ya rufa mana asiri. Daga yau a ƙara sa mata ido."

Murmushin ya ɗauke. An kawo miki albishir, ni na karɓe shi a hanya na mayar miki da shi gargaɗi. Daga nan kin san sauran: kofinki daban, biki sai da dalili, jami'a a nan Kano kuma ban yarda kin zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Ko a mota wani ya yi atishawa, ke nake juyowa in kalla. An daɗe da daina zancen korona a gari, amma ni ban daina kallon ba, har kika koyi kallon kanki da irin idona. Ranar sunan 'yar Mubarak na leƙa tsakar gida, mata sun cika, ana guɗa ana tsokanar juna, ke kuma kina tsaye can bakin ƙofa, hannunki a cikin jaka kina laluben man goge hannu. Aka miƙo miki jaririyar kika ce kina jin kamar mura. Ba ki da mura. Raina ya ɓaci a ranar, kuma ba da ke ba.

Don haka bari in sake faɗa miki labarin yadda ya kamata in faɗe shi tun farko. Cutar da ta kwantar da ubanki sau biyu, ta sa shi kuka a ɗakin baƙi, ta zo wurinki kina yarinya, jikinki ya yi aikinsa shiru, kika ci gaba da karatunki ba ki ma san an yi ba. Wannan shi ne jikin da kike cewa in dai san shi. Allah ya ba ki lafiya cikakkiya, ki gode masa, ki yi amfani da ita. Jininki ba shi da laifi, Uwata, tsoron ubanki ne ya yi yawa. Ki yafe min.

Ba cewa nake ki zama Hajiya A ba, ki riƙa bin mutane da hannu kina cika baki. Gida ɗaya ya isa da mai wannan hali. Gwaggonki ma za ta gaya miki cewa tsallake ciwo sau ɗaya ba takardar shaida ba ce ta har abada. Ki wanke hannunki kafin ki ci abinci, ki kwana a gidan sauro don sauro bai taɓa tambayar kowa rukunin jininsa ba, in an ce a zo rigakafi ki kasance a gaba, in jikinki ya yi zafi ki tafi asibiti kada ki tsaya tambayar waya. Rukunin jininki kuwa ki san shi don amfaninsa na gaskiya: ranar da za a buƙaci ƙara miki, Allah ya kiyaye, ko ranar da wata baiwar Allah za ta buƙaci naki. In an nemi masu bayarwa kuma likita ya ce kin isa, ki miƙa hannu. Iyakar aikin harafin ke nan, bai da hurumin zaɓa miki inda za ki zauna ko wanda za ki runguma.

Kada ki zaci a'ar da na ce miki ta zo min da sauƙi. Washegarin ranar da kika roƙe ni, na ɗauki waya na kira wani tsohon abokin aikina wanda na san in na yi masa maganar zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi ƙafarsa mai ciwo, muka yi zancen waɗanda suka rasu da waɗanda suka aurar. Can ya ce, "To Alhaji, lafiya dai? Me ke tafe da kai?" Maganar tana kan harshena. Na ce, "Wallahi zumunci ne kawai." Da na ajiye wayar sai na ga Ummanku a tsaye jikin labule. Ta ce, "Allah ya taimake ka. Da ka faɗa, da ni da kaina zan saka ta a mota in kai ta Kwaran." Gaskiyar ita ce na fi ki son ki zauna. In da son raina zan bi, sai ki tsufa a gidan nan ina jin takunki a sama. Amma wannan son kaina ne, ba ƙaunarki ba.

Kuma wallahi ina murna, Uwata, murna sosai. Ina hango ki a cikin ɗakin nan da kike tsoro, wata daga Inugu tana aron bokitinki, wata daga Ibadan tana koya miki gaisuwarsu kina karya harshe suna dariya. Ki buɗe dambun nan ki raba, kada ki ɓoye shi a ƙasan katifa. In an zuba abinci a faranti ɗaya an ce bismillah, ki matso. In an tura ki makaranta koyarwa, yara za su yanyame ki da majinarsu da ƙurarsu da tambayoyinsu marasa kan gado, ki bar su su riƙe miki mayafi. Ki tsare sallarki a kan lokaci, ki tsare mutuncinki, ki san da wa kike tafiya in rana ta faɗi, sauran kuma ki sake jiki ki ji daɗin ƙuruciyarki. Ina so ki dawo min kin yi baƙi, muryarki ta ƙara ƙarfi, kina ba mu labari har mu gaji mu ce ki bari sai gobe.

Alfarma ɗaya nake nema. Za ki yi mura a can, dole ne, sabon wuri da sabon ruwa. In ta zo, ki sha magani, ki kira Ummanku ko Gwaggonki ki gaya musu. Ni kada ki gaya min sai kin warke. Na san halina, in na ji kin yi tari sau ɗaya a waya, kafin ki ajiye ta na kama hanyar Kwara da bargo da zuma, in zo in kunyata ki a gaban ƙawayenki. Ki bari sai ta wuce, sannan ki bugo ki ce, "Abba, na yi mura makon jiya, na warke." Wannan maganar nake son ji daga bakinki, kuma ina ganin ni ma ita ce za ta warkar da ni.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki zama alheri ga duk wanda ya zauna kusa da ke. Allah ya yi miki albarka, albarkar da ba ta yankewa. Na ba shi ajiyarki, shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Wassalamu alaikum.

Abbanki.